Filin Uwargida: Kafin a Zuba Zannuwa a Tsohon Dulab

Wasiƙun da suka zo mana a wannan watan daga masu karatu mazauna Saudiyya kusan duk bakinsu ɗaya. Gidan haya ya yi ƙunci, zannuwan gado da barguna da tawul sun taru saboda baƙin Umara da na Hajji, ga kuma wani tsohon kabad ko akwati yana tsaye a lungu, an rasa ko a gyara shi ko a yar. Na zaɓi biyar daga ciki, na taƙaita su, na kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya daga wata uwargida a Jidda:

"Hajiya, ina gaisuwa tare da fatan alheri. Muna cikin waɗanda rusau ya tasa daga unguwar Sabil a 2022, yanzu muna zaune a gida mai ɗaki biyu da falo. Mun taho da dulab, wato kabad, mai ƙofa uku na marigayiya surukata. Sandar rataye kaya ta karye, ƙofa ɗaya ta saki, bayansa ya kumbura daga ƙasa, cikinsa kuma yana wari irin na ɗakin da aka daɗe ba a buɗe ba. Duk Ramadan muna saukar 'yan'uwa daga Kano da Damagaram, shi ya sa zannuwan gadona sun haura ashirin, ban da barguna da tawul da haramai, duk suna jibge cikin ledoji a bayan ƙofa. Maigida ya ce a kira mai dabbab, wato ƙaramar motar ɗaukar kaya, ya kwashe shi, ni kuwa so nake in shafa masa farin fenti ya zama ma'ajin zannuwa. Wane fenti ya dace?"

Amsa: 'Yar'uwa, Allah ya jiƙan surukarki. Maganar fenti ki jingine ta tukuna, domin ita ce ta ƙarshe a cikin aikin, kuma ita ce wadda ba ta sha wa zannuwanki kai ba. Abin da zai raba gardama tsakaninki da maigida shi ne sanin abin da aka yi dulab ɗin da shi. Ki sa a janye shi daga bango, ki duba gefen allunansa ta baya, da cikin ramukan da ƙusoshi suka fita. Idan katako ne na gaske za ki ga jijiyarsa tana tafiya a miƙe. Idan kuwa kika ga abu kamar dusa da aka cuɗa da gam aka matse, to allon garin katako ne, irin wanda ake yin yawancin kayan ɗaki masu araha da shi, wanda da zarar ya sha ruwa ya kumbura ba ya komawa, ba ya kuma sake riƙe ƙusa. In har ƙafafu da gefunan dulab ɗin irin wannan ne kuma sun kumbura, maigida ya fi ki gaskiya, kwalliya ba za ta biya kuɗin sabulu ba. Amma in bayan ne kaɗai ya lalace, abin mai sauƙi ne, don siririn allo ne mai kaurin milimita 3 ko 4 da aka buga da ƙananan ƙusoshi, kuma kowane najjar, wato kafinta, zai canza miki shi.

Warin da kike ji kuwa na funfuna ne. Jidda tana bakin Bahar Maliya, iskarta a jiƙe take, musamman a ƙarshen watannin zafi, ita kuma funfuna tana tsirowa ne idan danshin iska ya daɗe sama da kashi 65 zuwa 70 cikin 100 a wurin da iska ba ta motsi. A fitar da dulab ɗin zuwa rufin bene ko baranda, a cire ƙofofi da aljihuna, ki rufe hancinki da takunkumi, ki share cikinsa da busasshen burushi, sannan ki goge ko'ina da tsumma da aka tsoma cikin farin khal, wato ruwan tsami na binega, aka matse sosai. Kada ki kwara masa ruwa, kuma kada ki kuskura ki haɗa khal da ruwan bilic, wanda a nan aka fi sani da sunan Clorox, domin haɗin nasu yana fitar da iska mai ƙona huhu. Ki bar shi ya sha iska kwana uku zuwa huɗu, amma a riƙa shigar da shi ko a lulluɓe shi da dare, in ba haka ba raɓar Jidda za ta mayar masa da abin da rana ta cire.

Idan najjar ya zo sa sabon baya, ki ce ya huda masa ramuka a jere sama da ƙasa, ya buga wayar sauro a kansu ta ciki don kada kyankyaso ya samu ƙofa. Ƙofar nan da ta saki ma alheri ce: a cire tsakiyarta a sa mata ragar katako ko ta waya. Duk wanda ya zaga unguwar Balad ya ɗaga kai ya ga rawashin, tagogin katakon nan masu saƙar raga, ya san magina na dā sun gane cewa a garin nan ba a toshe wa iska hanya. Abin da ya yi wa mutum daɗi a Jidda shi ne yake yi wa zane daɗi. Wurin ajiyewa ma da magana: a bar tazarar faɗin tafin hannu tsakaninsa da bango, kada a jingina shi da bangon da banɗaki ke bayansa, kada kuma a sa shi ƙarƙashin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, mai ɗigar ruwa. A ɗora shi a kan ƙafafu masu tsawon santimita 10, saboda wankin daɓe na yau da kullum, da kuma abin da mazauna garin suka gani a ambaliyar 2009 da ta 2011.

Sai kantoci. Ki nemi allon filawud, wanda najjarori ke kira ablakash, mai kaurin milimita 18. Fallensa ɗaya yana da santimita 122 a faɗi da 244 a tsawo, kuma zai fitar miki da kantoci da dama. Kada tsawon kanta ɗaya ya wuce santimita 80 ba tare da tokari a tsakiya ba, domin zane ya fi yadda ido ke ganinsa nauyi, kuma idan aka ninka tsawon kanta biyu aka ɗora mata nauyin da take ɗauke da shi tun farko, lanƙwasarta sau takwas take ƙaruwa. Tsakanin kanta da kanta ki bar santimita 25 zuwa 30 don zannuwan gado da tawul, 40 zuwa 45 don barguna, masu nauyi kuma su zauna a ƙasa. Dulab na rataye kaya yakan yi zurfin santimita 55 zuwa 60, wanda ya yi wa ninkakken zane yawa, don haka abin da aka tura can baya sai a manta da shi har ya yi rawaya. Ki sa kayan baƙi a baya, na yau da kullum a gaba. Ni a gidana kowane zanin gado nakan ninke shi da abokansa in cusa su cikin rigar filonsu guda, ta yadda in baƙo ya sauka tsakar dare ƙunshi ɗaya zan zaro, ba sai na rushe kanta ina neman ɗaya rigar filon ba.

Yanzu mu dawo kan tambayarki. Cikin dulab ɗin kada ki shafa masa fentin mai, irin wanda ake sirkawa da tina, domin warinsa yakan yi watanni yana shiga zane. Ki shafa masa fanish mai haɗin ruwa sau biyu ko uku, ki bar ƙofofi a buɗe mako uku zuwa huɗu kafin ki sa ko da ƙyalle ɗaya. Ki shimfiɗa wa kowace kanta tsohon zanin gado fari da aka wanke, ba jarida ba, don jarida tana zubar da tawada, takardarta kuma tana sa farin zane ya yi ja. Wajensa kuwa ki shafa duk farin da ranki ke so, sai dai in tsohon fenti ne a jikinsa ki jiƙa samfefa kafin ki goga, ki kuma nisanta yara, saboda tsofaffin fenti da yawa suna ɗauke da dalma. Ledojin nan kuma ki rabu da su. Zanen da aka ɗaure a leda da sauran ɗan danshi a jikinsa, musamman harami da tawul masu riƙe ruwa, shi ne ake buɗewa bayan wata shida a tarar da baƙaƙen ɗigo waɗanda wanki ba ya fitarwa.

Tambaya daga wani magidanci a unguwar Misfala, Makka:

"Hajiya, barka da aiki. Na ga wata durowa mai aljihu biyar an ajiye ta kusa da kwandon sharar baladiyya, wato hukumar gari, katakonta mai kyau, babu inda ta karye. Ina so in kai gida mu riƙa zuba tawul da rigunan filo da sallayu, amma uwargida ta ce ba za ta shigo mata ɗaki ba saboda tsoron kuɗin cizo. Wani abokina ya ce zai samo mini ƙwayoyin da ake sawa a rumbun hatsi, in rufe ta da su a ɗaki kwana biyu, komai zai mutu. Shin in karɓa? Sannan ɗaukar irin wannan kaya a Makka ya halatta?"

Amsa: Malam, ƙwayoyin nan kada ka karɓa, kada ka bari su shiga ginin da kuke ciki. Sunansu aluminiyam fosfaid, kuma da zarar sun haɗu da danshin iska sai su saki iskar fosfin, wadda ke bi ta ƙarƙashin ƙofa da ramin mukayyif da bututun banɗaki ta shiga har gidajen maƙwabta. Ta sha kashe mutane a gidajen ƙasar nan, ciki har da ƙananan yaran da iyayensu ba su ma san an sa ta a gidan da ke kusa ba, ba ta da makari, kuma hukuma ta hana amfani da ita a wuraren zama. Wannan shi ne a yi gudun gara a faɗa gidan zago. Ka gaya wa abokin naka haka, ko da zai ji haushi.

Batun halacci na malamai ne, amma ga abin da kowa ya sani: ya tabbata a Buhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana ɗaukar tsintuwar Makka sai ga wanda zai yi cigiyarta. Abin da mai shi ya yar da gangan daban yake da abin da ya ɓace masa, sai dai ba duk kayan da ke bakin titi ne aka yar ba. Wani ƙaura yake yi, ya sauko da kaya yana jiran mota. Ka tambayi mai gadin ginin ko maƙwabta, ka ji daga bakinsu cewa an yafe ta.

Uwargida kuma tana da hujja, domin durowar da ba ta karye ba amma aka yar da ita, dole mutum ya tambayi dalili. Kafin ta tsallake ƙofar gidanka, ka zare aljihunan duka ka kifa su, ka haska tocila a kowace mahaɗa da kowane ramin ƙusa da ƙarƙashin durowar, ka bi tsagogin da gefen tsohon katin waya kana kankarowa. Abin da kake nema shi ne baƙaƙen ɗigo kamar an ɗiga tawada, da busassun ɓawon da ƙwaron ke saɓulewa, da fararen ƙwai masu tsawon milimita 1, ko shi kansa ƙwaron, mai launin jan ƙasa, wanda bai wuce milimita 5 zuwa 7 ba. Sannan ka shimfiɗa baƙin ƙyalle a ƙasa ka bubbuga katakon: in gari mai laushi ya zubo daga wasu ƙananan huji, akwai ƙwaro mai cin katako a ciki, in kuwa ya yi amo kamar ganga kuma ka ga ƙasa a cikin tsaga, gara ta riga ka, ka bar musu kayansu.

Ko ba ka ga komai ba, ka ɗauka akwai. Kuɗin cizo yakan yi watanni bai sha jini ba kuma bai mutu ba, saboda haka ajiye durowar a inuwa da nufin yunwa ta kashe shi ɓata lokaci ne. Abin da ke kashe shi da ƙwansa shi ne zafin da ya kai digiri 50 a ma'aunin Salshiyas, kuma a Makka wannan magani kyauta ne a watannin zafi. Ka naɗe jikin durowar daban, kowane aljihu daban, cikin baƙar leda mai kauri, ka liƙe bakin da salatif, ka ɗora su a kan bulo a rufin bene inda rana ke duka tun safe, ka riƙa juya su har kwana uku ko huɗu. Ka sa ma'aunin zafi a ciki, a gefen da ba ya kallon rana, ka tabbatar ya kai 55 ya kuma daɗe a haka sa'o'i da dama, domin zafin yana ɗaukar lokaci kafin ya ratsa cikin mahaɗa. A lokacin sanyi dabarar ba ta aiki, sai a jira. Wani lokaci zafin yakan saki gam a wasu wurare, amma wannan gyaran minti goma ne. Duk abin da ke da soso ko yadi a jikinsa kuwa, kujera ko katifa ko allon kan gado, kada ka ɗauko shi daga titi ko da an haɗa maka da kuɗin mota.

Idan ta tsallake duk wannan, a goge ta, a shafa wa cikin aljihunan fanish mai haɗin ruwa, a goga kyandir ko busasshen sabulu a kan hanyoyin da suke zamewa don su daina cijewa. Ka kuma ɗaure ta da bango da ƙarfe da ƙusa mai zare, domin yaro yakan ja aljihu ya taka kamar tsani. A watan Yunin 2016 kamfanin kayan ɗaki na IKEA ya janye durowoyi miliyan 29 a Amurka bayan da wasu suka kife a kan ƙananan yara suka yi ajalinsu, kuma tsohuwar durowar katako mai nauyi ba ta fi su tausayi ba. In kuma jikin ne ya lalace aljihunan suna nan lafiya, ka sa wa kowanne ƙananan tayoyi huɗu, a ɗinka masa marfin yadi, a tura ƙarƙashin gado.

Tambaya daga wata baiwar Allah a Riyad:

"Hajiya, firjinmu ya mutu, gyaransa ya kusa kuɗin sabo. Tunda yana da kantoci kuma ƙura ba ta shiga, zan iya mayar da shi ma'ajin barguna?"

Amsa: Ban ba ki shawarar haka ba, 'yar'uwa. Robar bakin ƙofar da ke hana ƙura shiga ita ce ke hana danshi fita, kuma jikin firji yana riƙe warin abincin shekaru, wanda bargo zai kwashe cikin mako guda. Abin da ya fi wannan muni shi ne yara masu wasan ɓuya, domin yaron da ya shige mataccen firji ƙofa ta rufe, iskar da ke ciki ba za ta kai shi ko'ina ba. In dole sai kin yi amfani da shi, a cire ƙofar gaba ɗaya a rataya labule, kuma kada a huda jikinsa, saboda bututun gas na bi ta ciki. Da ni ce, sai in zare kantocin wayar da ba su yi tsatsa ba, don suna da kyau a cikin kabad tunda iska na ratsa su, in sayar da gangar jikin ga masu sayen tsohon ƙarfe, in ƙara kuɗin a sayo katako.

Tambaya daga wani dattijo a Madina:

"Hajiya, Allah ya ƙara basira. Kakanninmu sun zo ƙasar nan a ƙafa ta Chadi da Sudan, suka ƙetare teku daga Sawakin. Abin da ya rage mana na wajensu shi ne gwado biyu, da zanen saƙi, da rawanin turkuɗi, da babbar rigar kakana mai aska takwas. Suna cikin wani akwatin katako mai ƙusoshin tagulla da mahaifiyata ta saya a nan, irin wanda mutanen Hijaz ke kira saisam. Da muka buɗe bana sai muka ga jajayen layuka a kan ninkin rigar da koren tabo a jikin gwado. 'Ya'yana suna so a kankare akwatin a yi masa sabon fanish ya zama teburin falo, a ci gaba da ajiye kayan a ciki. Me kika gani?"

Amsa: Baba, Allah ya jiƙan magabata, ya saka musu da alheri bisa wannan doguwar tafiya. Ka roƙi yaran su ajiye samfefa. Irin waɗannan akwatuna, da akasari daga Indiya ake kawo katakonsu, duhun da shekaru suka ba su shi ne adonsu kuma shi ne darajarsu, kuma wanda ya kankare shi ba zai iya mayar da shi ba. Tsumma mai laushi da ɗan kakin goge katako a waje ya wadatar. Zama a falo ba laifi, muddin ba a gaban mukayyif ko a bakin tagar da rana ke shigowa ba, domin iskar Madina busasshiya ce, kuma sanyi da zafi suna bin juna a kan katako sai ya tsage. Kada kuma a ɗora masa butar shayi ko kofin ruwa.

Tabon da kuka gani iri biyu ne. Katako, ko ya shekara ɗari, yana fitar da wani ɗan tsami a hankali, wanda ke ƙona audugar da ta daɗe tana manne da shi. Wannan, tare da ragowar gumi da sitaci da turaren da suka tsufa a cikin zare, shi ya ba ku jajayen layukan. Koren kuwa daga bakin ƙusoshin tagulla ne da suka ɓullo ta ciki. Maganin duka biyun shi ne kada tufa ta sake taɓa jikin akwatin. A shimfiɗa takardar alminiyam ta girki a ƙasa da gefuna ba tare da gam ba, sannan a ɗinka jaka ta farin alawayyo da aka wanke sau biyu babu bula babu turare, daidai girman cikin akwatin, a zura ta, ta zama ita ce ke karɓar kayan.

Kowace tufa a naɗe ta cikin nata farin ƙyallen. Turkuɗin musamman ya zauna shi kaɗai, domin shunin da aka buga masa yana bin duk abin da ya goga, kuma kada a ce za a wanke shi, ruwa zai tafi da ƙyallinsa. Gwado da saƙi sun fi son naɗi a kan ninki: a roƙi masu sayar da yadi bututun kwalin da yadi ke zuwa a kai, a lulluɓe shi da alminiyam da farin ƙyalle, a naɗe su a kai sako-sako. Rigar kuwa dole a ninke ta, amma a rage yawan ninkin, a cusa naɗaɗɗen ƙyalle a cikin kowane lanƙwasa don kada ya yi kaifi, kada ninki ya bi ta kan aikin wuya da aljihu, kuma ita ce za ta zauna a sama, ba abin da zai danne ta. Tsohon zare a kan ninki yake karyewa, shi ya sa ake so a buɗe akwatin sau biyu a shekara, misali bayan Hajji da kuma cikin Rajab, a baza kayan a inuwa na yini ɗaya, a sauya wurin ninkin.

Ka duba aikin rigar da kyau. Idan da zaren tsamiya ko alharini aka yi shi, to abincin asu ne, domin tsutsar asu ulu da siliki da gashi take ci, ba ta damu da tsabtatacciyar auduga ba. In kun ga ƙananan huji ko wata farar saƙa kamar ta gizo-gizo, a sa rigar cikin leda a fitar da iska a liƙe, a ajiye a firiza mai sanyin digiri 18 ƙasa da sifili har mako biyu, in an fito da ita kuma a bar ta cikin ledar yini guda kafin a buɗe, don raɓar da za ta taru ta tsaya a bayan leda. Akwai wata magana da na san ba za ta yi wa matan gidan daɗi ba: kada a turara waɗannan kayan da turaren wuta, kada a fesa musu humra. Hayaƙin yana ɗauke da mai da ƙaro, kuma su ne ke zama jan tabo bayan shekaru. A turara kayan sawa, waɗannan a bar su da ƙanshin tsufansu.

In makullin akwatin irin mai kama kansa ne idan marfi ya faɗo, a kashe shi saboda jikoki. Sannan, Baba, tun kana da ƙarfi, ka sa a rubuta da fensir a takarda wane ne mai kowace tufa, daga wane gari ta fito, ta wace hanya ta zo, a sa cikin ambulan a ajiye tsakanin alminiyam da jakar alawayyon.

Tambaya daga wata matashiya a Jidda:

"Hajiya, ina da tsohon ciki, haihuwar fari. Surukata ta ba ni tsohuwar durowarta don kayan jariri, ta zuba ƙwayoyin kafur a kowane aljihu, ta ce haka suka yi wa 'ya'yansu. Warin yana hawa mini kai, amma ina jin nauyin yi mata magana. Ta kuma ba ni gadon jariri na katako wanda gefensa ɗaya ya karye."

Amsa: Ɗiyata, Allah ya raba lafiya. Hancinki ya gaya miki gaskiya. Fararen ƙwayoyin da muke kira kafur yawancinsu ba kafur na itace ba ne, wani sinadari ne mai suna naftalin, wanda ke shiga jiki ta numfashi da ta fata. Akwai wani ƙarancin sinadarin jini da ake gado, likitoci na kiransa G6PD, Larabawa kuma suna danganta shi da ful saboda cin waken ful na tayar da shi. Yana da yawa a cikin mutanen da asalinsu Afirka ta Yamma ne, kuma ya fi bayyana a 'ya'ya maza. Jaririn da ke da shi, in aka naɗe shi cikin zanen da ya sha naftalin, jajayen ƙwayoyin jininsa na iya farfashewa, shawara mai tsanani ta kama shi, har ta taɓa ƙwaƙwalwa. Tarayyar Turai ta hana sayar da waɗannan ƙwayoyi tun 2008. Ga shi kuma yaro mai rarrafe yakan ɗauke su a matsayin alewa, alhali kayan jariri na auduga ne, asu ba ya cin su, wato haɗari ne ba tare da wata riba ba.

Ki kwashe ƙwayoyin da safar hannu, a zare aljihunan a kai su rufin bene su sha rana da iska na kwanaki har sai warin ya ɗauke ƙaf, sannan a shafa musu fanish mai haɗin ruwa a jira makonnin da na ambata a sama. In lokaci ya ƙure miki, ki zuba kayan jaririn a kwando tukuna. Duk zanen da ya riga ya kwana a ciki a shanya shi kwanaki a wanke fiye da sau ɗaya. Game da surukarki kuwa, alheri ta nufa, kuma abin da ta gada ta yi. Ki tambayi likita a ranar awo a gaban mijinki, shi kuma ya kai mata maganar a matsayin umarnin likita, ya roƙe ta ta taya ku da busasshen ganyen dogon yaro. Itacen ba baƙo ba ne a nan, yana nan a titunan Jidda, ga tsohuwar bishiyar da ke gaban Baitu Nasif, gidan tarihin nan na unguwar Balad, ga kuma waɗanda alhazai ke fakewa a ƙarƙashinsu a Arafat. A busar da ganyen sarai a inuwa, a ɗinke shi cikin ƙananan jakunkuna tare da 'yan ƙwayoyin kanumfari, a sa a kusurwar aljihunan barguna da kayan manya, a riƙa sabuntawa duk bayan 'yan watanni. Yana korar ƙwari, ba ya kashe ƙwansu, don haka ba ya maye gurbin wanki da shanya. Aljihun jariri kuwa ba ya bukatar komai sai tsabta da bushewa, kuma kada a sa wa kayan ajiya sitaci, don shi ne ke gayyato kyankyaso.

Gadon da ya karye kada jariri ya kwanta a kansa, ko an ɗaure shi da igiya. Gefen da ya rage lafiya a juya shi, sandunansa su kwanta kamar matakan tsani, a kafe shi a bango da ƙusa sama da ƙasa, a bar tazarar santimita 8 zuwa 10 a bayansa, a naɗe kowace sanda da farin ƙyalle don kada tsohon fenti ya taɓa abu mai laima. Nan za ki riƙa rataye tawul da zanen goyo da sallaya su sha iska. Ƙasan gadon kuma, mai jerin siraran katakai, najjar ya yanka shi daidai faɗin kabad ɗinki, ya zama kantar barguna.